Ba Zan Rubuta Cewa Bukar Ya Saci Katina Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke kula da harajin kuɗin shiga na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Adamu. A Haɗeja nake zaune, amma asalina wani ƙaramin ƙauye ne a cikin fadama, can bayan Kirikasamma. Aikina ba babba ba ne. Akwai wani dogon ƙarfe mai lambobi da aka kafa a cikin kogi, ni ne nake zuwa safe da yamma in duba inda ruwa ya kai, in rubuta, in aika wa na sama da ni. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki. Albashina naira dubu ɗari da ashirin ne a wata, kuma tun kafin ya iso hannuna an riga an cire muku naku. Ban taɓa cewa uffan a kan haka ba.

Ranka ya daɗe, ban so in rubuta maka a bainar jama'a ba. Sau uku ina zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka fita ko kana ganawa. Na bar takarda a wurin magatakarda, har yau shiru. Wa'adin da kuka ba ni kuwa saura mako biyu ya cika. Don haka ka yi haƙuri da ni, zan jero maganar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kuka jero mini taku.

Na ɗaya. Takardarku ta iso mini, kuma lissafinku daidai ne. Kun ce a cikin shekara guda an kashe naira miliyan takwas da dubu ɗari huɗu da katin bashin da banki ya ba ni, an kuma biya kusan duka, alhali albashina na shekarar bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kun ce in bayyana inda ragowar ta fito a cikin fom ɗin bayanin kuɗin shigata, in ba haka ba za ku ɗauka riba ce na ɓoye, ku ɗora mini haraji da tara na naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ban zargi wanda ya yi wannan lissafi ba. Ni ma da ni ne a kan wancan teburi, na ga mai awon ruwa yana kashe kuɗi kamar dilan shinkafa, sai na tambaya. Kun haɗo mini da takardun banki shafi goma sha ɗaya, kowane layi da ranarsa da lokacinsa da shagon da aka yi sayayya. Na karanta su ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ko layi ɗaya ban musa ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, ba ni na ci kuɗin ba, kuma wanda ya san kan zancen yana kabari.

Na biyu. Katin nan banki ne ya bi ni da shi har wurin aiki, ban nema ba. Aka ce tunda albashina ta wurinsu yake biyowa, zan iya sayen kaya har na naira dubu ɗari uku, in na biya kafin wa'adi babu kuɗin ruwa. Na karɓa don kunya, na jefa shi a aljihun wata tsohuwar riga. Ƙanena Bukar ne ya tono shi. Bukar uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na ba shi shekara shida. Ni na fito gari, shi ya tsaya a ƙauye yana noman shinkafa da damina, alkama da rani, in ruwa ya ja kuma ya taɓa kamun kifi. Mutum ne mai kai, mai son shiga abin da ba a sa shi ba, kuma ba ya iya ganin wani cikin matsala ya wuce. Tun muna yara nake masa faɗa a kan wannan hali, har ya koma ga Allah bai daina ba.

Abin da ya hango shi ne wannan. Manomin fadama yana buƙatar taki da fetur na injin ban ruwa da maganin feshi a ranar da gona take so, ba a ranar da aljihunsa ya yarda ba. Kuɗinsa kuwa sai ranar kasuwa, in ya sayar da kifi ko akuya ko buhun shinkafa shanshera. In ya ci bashi a wurin ɗan kasuwa, farashin daban ne. A ƙauyenmu masu asusun banki ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sai Bukar ya ce in ba shi katin, ya riƙa haɗa buƙatun mutane ya zo Haɗeja ya saya a dunƙule da farashin sari, ya kai musu, su biya shi ranar kasuwa, shi kuma ya zuba a asusuna kafin wa'adi. Na ƙi. Ya je ya haɗa ni da Inna, mahaifiyarmu. Ranka ya daɗe, ka san yadda irin wannan shari'a take ƙarewa. Na miƙa masa katin da hannuna, na kuma faɗa masa lambar sirrin da bakina, a gaban Inna, a tsakar gidanmu. Ina roƙon ka riƙe wannan jimlar, domin a kanta duk maganar take.

Na uku. Haka aka yi ta juyawa. A cika katin, a biya, a sake cikawa. In ka duba takardun za ka ga kusan sau ashirin da takwas aka yi wannan zagaye, daga nan miliyan takwas ɗin ta fito. Dubu ɗari uku ce guda ɗaya take kaiwa da komowa tsakanin Haɗeja da fadama a bayan babur. Ba a taɓa samun rana ɗaya da ni ko Bukar muka riƙe miliyan ɗaya a hannu ba. Bai ɗora wa kowa ko sisi ba, sai kuɗin man babur da suke haɗa masa, wani lokacin ma da kifi suke biya. Ni kuwa abin da na samu a ciki shi ne ƙarar waya. Duk lokacin da ya sa katin a na'ura sai saƙo ya shigo mini, in duba in ce, to, Bukar ya shigo gari, anjima zai zo ya cinye mini abincin rana. Kuma sai ya zo.

Yana da ɗan littafi da yake naɗewa a leda ya sa a aljihun gaba. A nan yake rubuta wanda ya karɓa da wanda ya biya. Babu wani rasit, babu sa hannu. A wurinmu in ka ce wa dattijon da ya goya ka ya dangwala yatsa a kan buhun taki ɗaya, ka zage shi.

Na huɗu. Ina so ka buɗe shafi na goma sha ɗaya, ka duba layin ƙarshe. Naira dubu ɗari da tamanin, a wani shagon buhuna da ke cikin kasuwar Haɗeja, da ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe. Ƙarshen daminar bara ne, lokacin da ruwa ya zo. Buhuna ne dubu ɗaya waɗanda babu komai a cikinsu. Mutanen ƙauye ne suka aiko shi, za su cika su da ƙasa su ƙara tsayin jingar da ta tsare gari, domin ruwa ya fara lasar bakinta.

A safiyar nan da ƙarfe bakwai ina bakin kogi. Na duba ƙarfen awo, na ga ruwa ya hau fiye da kamu guda tun awon yamma. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan tsalle ba. Na rubuta, na aika, kamar yadda aka koya mini. Na san hanyar ƙauyenmu ta yanke, sai da kwalekwale. Na san mashigar da za a bi, na san yadda ruwa yake murɗawa a wurin, na san kacala, ciyawar nan da ta cinye mana kogi, ta cika gefensa. Duk Haɗeja babu wanda ya fi ni sanin cewa ranar ba ranar ƙetarawa da kaya ba ce.

Da saƙon ya shigo wayata na gane Bukar yana gari. Amma kwana biyu kafin nan mun yi cacar baki, domin na ce ya dakata da katin har a biya na baya, wa'adi ya matso, ba na son kuɗin ruwa ya hau kaina. Da na ga ya sake cika shi sai raina ya ɓaci. Na ɗauki wayar, na ga sunansa, na kife ta a kan benci. Na ce bari ya zo cin abinci in wanke shi tas, sa'an nan in gaya masa maganar ruwa. Ranar bai zo cin abinci ba. Yana sauri ne ya kai buhuna.

Mai kwalekwalen da ya ɗauke shi da buhunan ya tsira, shi ya ba mu labari. Ya ce da jirgin ya kife dukansu biyu sun kama gefensa, kuma Bukar ya fi shi iya ruwa. Sai Bukar ya ga ɗaurin buhunan yana tafiya, ya saki jirgin ya bi shi. Kwana biyu muna nema kafin a same shi a cikin kacala. Littafin yana aljihunsa, ledar ta huje, takardun sun zama kamar kunu. Na shanya shi, ya bushe ya dunƙule wuri ɗaya, yana nan a cikin wani gwangwani a ɗakina.

Na sani kwana ne ya ƙare, kuma malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma ranka ya daɗe, shekara guda ke nan, in waya ta yi ƙara ina bakin kogi sai in ji kamar Bukar ya shigo gari. Na canja sautin wayar har sau uku, bai hana ba. Na fara samun sauƙi ke nan sai ga takardarku, ta kawo mini tafiye-tafiyensa gaba ɗaya a jere, kowace da lokacinta. Ina bin layukan ina ganinsa: nan ya sayi taki ya zo da ƙura har gira, nan ya sayi fetur ya tsokani matata a kan miya. In na iso shafi na goma sha ɗaya sai in koma na farko.

Na biyar. Ga kuskuren da na yi, kuma ban ɓoye shi ba. Da aka ajiye gawar za a yi salla, liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci yake bi. Ni ne babba, ni na miƙe. Na ce duk wanda yake bin Bukar ya zo wurina, na ɗauka. Sa'an nan na dubi sahun, na ga mutanen da ruwa ya cinye musu shinkafa saura kwanaki a yanka, waɗanda suka kwana biyu a cikin ruwa suna neman ɗan'uwana, sai na ƙara da cewa duk wanda ya karɓi kaya a hannun Bukar bai biya ba, kuɗin nawa ne, kuma na yafe duniya da lahira. Ba wanda ya sa ni. Abin da ya rage a katin, dubu ɗari biyu da casa'in, ni na biya daga albashina cikin wata takwas, har da kuɗin ruwan da na yi ta gudu. Wannan ma yana cikin takardun banki in kuna so. Ban yi nadama ba. Sai dai a lokacin ban san cewa da wannan magana na rufe bakin duk shaidun da nake da su ba.

Na shida. Jami'inku da ya saurare ni matashi ne mai ladabi, har ruwa ya ba ni, kuma ba ƙararsa nake kawowa ba. Na buɗe masa gwangwanin, ya duba, ya ce wannan ba zai shiga fayil ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko in kawo sunayen duk waɗanda aka saya wa kaya, da adadin kowa, da sa hannunsu ko dangwalen yatsa. Ko kuma, ya rage murya, in rubuta layi ɗaya cewa an yi amfani da katin ba da izinina ba. Ya ce tunda mai yin ya rasu babu wanda za a kama, za a rufe maganar. Na tabbata taimakona yake son yi.

Na gwada hanya ta farko. Na hau babur na tafi ƙauye da takarda da tawada, na fara da Baba Maina, aminin mahaifinmu, wanda ya haura saba'in. Bayan mun gaisa na fara yi masa bayani, na tambaye shi ko zai tuna buhu nawa ya karɓa a hannun Bukar. Bai bari na ƙarasa ba. Ya tashi ya shiga gida, ya daɗe, sai ga shi ya fito yana jan akuya, ita kaɗai ruwa ya bar masa. Ya ɗaure ta a jikin babur ɗina, ya ce, "Ɗana, ba sai ka rubuta ba. Na san abin da aka faɗa a gaban gawa zafin rai ne." Na rantse masa ba biya na zo nema ba, shaida kawai nake so. Ya ce in ba biya ba, me ya kawo takarda? Na kwance akuyar da hannuna ina kuka kamar yaro. Kafin in bar garin labari ya zaga, wasu suna cewa Adamu ya janye yafiyarsa, wasu suna cewa sunaye yake tattarawa ya kai wa masu haraji. Gida uku na ƙara shiga, duk aka ce mai gidan ya tafi gona, alhali ga takalmansa a ƙofa. Ban ga laifinsu ba. Na ninke takardar na dawo da ita fara kamar yadda na tafi da ita.

Saura hanya ta biyu. Layi ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, na zauna da biro a hannu na fi sau biyar. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu albashina ne na wata goma cur. Ba ni da gida nawa, haya nake. Abin da za a iya sayarwa a danginmu ya kai wannan kuɗi shi ne gonar fadamar Bukar da injinsa, kuma da su matarsa Falmata take ciyar da yara uku. Ita da kanta ta aiko mini cewa in ya zama dole a sayar, a sayar. Inna kuwa kallona kawai take yi, domin a gabanta na miƙa katin.

Amma me layin yake cewa? Yana cewa Bukar ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. A Hausa wannan suna ɗaya gare shi, sata. Ni da na kife waya ban kira shi ba, ni ne kuma zan zauna in sa hannu cewa ɓarawo ne, don na san ba zai iya tashi ya ƙaryata ni ba? Na tsaya a gaban gawarsa na sauke masa bashi don ya kwanta da sauƙi. Ba zan dawo bayan shekara in ɗora masa abin da ya fi bashi nauyi ba. Takarda kuma ba ta mutuwa a ofis. Babbar 'yarsa tana aji huɗu, ta fara haɗa baƙi. Ban san hannun da fayil ɗin nan zai faɗa ba nan da shekara ashirin.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ka dakatar da wa'adin nan har a saurare ni gaba da gaba, ko na minti goma ne.

Ka sa a duba takardun bankin da idon wanda ya san fadama. A ga cewa duk shagunan na taki ne da fetur da maganin feshi, a ga cewa sayayyar tana bin lokacin shuka da ban ruwa, a ga cewa babu ranar da kuɗi ya kwana uku a asusuna. Mai ɓoye riba yana barin wani abu a baya. Ni ban bar komai ba sai bashi.

In ana son shaida, a karɓi ta liman da mai gari a baki ko a rubuce, a madadin dangwalen mutum hamsin da suke tsoron tawada. Su biyun sun yarda su yi magana, kuma suna wurin ranar da na yi yafiyar.

In kuma duk wannan bai gamsar da doka ba, to ku yanka kuɗin a kaina ni kaɗai, ku riƙa cira daga albashina kaɗan-kaɗan har in yi ritaya, in bai ƙare ba ku bi ni cikin fansho. Kada a taɓa gonar marayu. Kuma ina roƙo, don girman Allah, kada wani jami'i ya sake miƙa wa mai makoki irin wancan layi da sunan sauƙi. Ba ni kaɗai ba ne a fadamar nan da katinsa ko asusunsa yake ɗauke da gari guda.

Abu na ƙarshe. Kun ce in kawo rasit, na ce ba ni da shi. Na yi kuskure, akwai guda ɗaya. Buhunan nan da Bukar ya bi ba su nutse ba. Washegari masu nemansa suka tsinci ɗaurin ya maƙale a kacala, tun kafin a same shi. Rabin mutanen suka ci gaba da nema, rabi suka ja buhunan zuwa gari suka cika su da ƙasa. Jingar ta gabas ta tsaya, gonaki sun tafi amma gidaje ba su rushe ba. Buhunan suna nan har yau, rana ta cinye bakinsu, ciyawa ta fito a jikinsu, amma ana iya ƙirgawa. Ka turo wanda ka amince da shi, ni zan ɗauke shi a babur ɗina, in zuba mai da kuɗina. Ya riƙe shafi na goma sha ɗaya a hannunsa, ya tsaya a kan jingar, ya ƙirga. In ya gama, shi ya gaya mini abin da zan rubuta a fom ɗin.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya tsare ka da karɓar haƙƙin da ba na hukuma ba. Allah ya raya maka zuri'a, ya bar ka da 'yan'uwanka, kuma in ɗayansu ya faɗo maka a rai, Allah ya ba ka ikon kiransa a lokacin. Allah ya jiƙan Bukar da dukkan waɗanda ruwa ya ci, ya sa sun huta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Adamu, mai awon ruwa,
Haɗeja.